Na shiga gidan tsoro na Halowin, ɗaki ɗaya ya hana ni barci

Nura (Ohayo): Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwana 3 ke nan wani abu yana cina a rai, gara in kawo shi nan. Daren Asabar abokan karatuna suka matsa sai na raka su gidan tsoro, irin waɗanda ake buɗewa a nan Amurka duk watan Oktoba saboda bikin Halowin. Wata gona ce a bayan gari, tafiyar minti 40 a mota. Kowa ya biya dala 35, muka yi fiye da awa ɗaya a layi cikin sanyi. Da farko aka zuba mu a bayan tirelar da tarakta ke ja, muna zaune kan dammunan ciyawa, aka ratsa da mu cikin busasshiyar gonar masara, ko fitila ɗaya babu. Kana jin kara yana motsi, sai kawai mutum ya faso da injin yankan katako yana ruri, ƙaurin fetur har cikin hancinka. Daga nan aka sauke mu bakin wani ƙaton sito na katako, aka ce mu shiga shida-shida. Lungu ne matsattse, hayaƙi ya turnuƙe, fitila na walƙiya tana ɗaukewa, bango ya buɗe a gefen kunnenka wani ya leƙo da fuskar roba yana ihu. Na yi ihu, na yi dariya, na riƙe rigar na gabana. Duk wannan daɗinsa na ji, ba zan ɓoye ba.

Ɗakin kusa da ƙarshe ne matsalar. Babu kiɗa, babu hayaƙi, shiru kawai da sanyi. An jera bencina, a kan kowanne an kwantar da abu mai siffar mutum, an naɗe shi da farin ƙyalle, an ɗaure wajen kai da wajen ƙafa. Muna tsakiyar ɗakin sai ɗaya ya tashi zaune a hankali. Abokaina suka fashe da ihu da dariya. Ni ƙafata ce ta ƙi ɗaguwa. Bara waccan ni na shiga kabari na karɓi mahaifina, haka yake a naɗe, haka ɗaurin yake. Tun ranar Asabar da na rufe ido ɗakin nan nake gani. Tambayata biyu ce: me ya sa mai injin katako bai biyo ni gida ba sai wannan? Kuma shin tun farko daidai ne mutum ya biya kuɗi a tsorata shi?

Maman Ihsan (Merilan): Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Sannu ƙanena. Bari in fita daga aiki zan yi maka bayani da kyau.

Sani Fagge: Allah ya gafarta masa. Amma Nura, injin nan na gaske ne? Idan ya zame ya sari mutum fa?

Nura (Ohayo): Na gaske ne Yaya Sani, amma ana cire masa sarƙar da ke yanka. Ƙara ce kawai da hayaƙi. Kuma tun a bakin ƙofa ake karanta muku doka: ba za su taɓa ku ba, ku ma kada ku taɓa su.

Malam Habu: Allah ya jiƙan mahaifinka Nura. Ni tambayarka ta biyu zan fara ɗauka, don ita ce uwa. Ya kamata mu san asalin abu kafin mu sa ƙafa a ciki. Wannan biki na daren 31 ga Oktoba tushensa wani bikin gargajiya ne na mutanen Ailan da Sikotilan tun kafin Kiristanci ya je musu, suna kiransa Samhain. Ƙarshen kaka ne, farkon hunturu, kuma sun yi imani cewa a daren nan matattu da iskoki suna samun hanyar shigowa cikin masu rai. Daga baya coci ta sa ranar tunawa da waliyyanta a 1 ga Nuwamba, sai daren da ke gabanta ya samu sunan da ake kiransa da shi yanzu. Mutanen Ailan da suka yi ƙaura zuwa Amurka a ƙarni na 19, musamman bayan yunwar da ta faro a 1845, su suka tafi da shi can. To ka ga ba namu ba ne ta kowace fuska. Na biyu, akwai hadisi a Sunan Abi Dawud: sahabbai suna tafiya, ɗaya ya yi barci, wani ya ɗauke masa igiyarsa, ya farka a firgice, sai Annabi (SAW) ya ce bai halatta ga Musulmi ya tsorata Musulmi ba. Wasa ne fa suka yi, amma aka hana.

Fa'iza (Landan): Malam, da girmamawa, wancan sahabin bai san za a tsorata shi ba, barci yake. Nura da ƙafarsa ya je, ya biya, an karanta masa sharaɗi. Ba ɗaya ba ne a ganina. Kuma yawancin waɗanda na sani a nan ba su san wani Samhain ba, alewa da kayan ado kawai suka sani. Yara su bi gida-gida a ba su alewa, ina bambancinsa da tashe? Mu ma daga goma ga azumi muna yawo gida-gida, maza su manna gemun auduga su yi tsoho da gemu, a ba mu kuɗi ko hatsi.

Malam Habu: 'Yata, kamannin waje ne kawai. Tashe raha ce da hannunka mai sanda, ana kwaikwayon malami da mai rowa da gwauro don a yi dariya a gyara hali. Ba wanda ya taɓa yin tashe da likkafani. Maganar yarda kuwa na karɓa, hujja ce mai ƙarfi, shi ya sa ban yanke hukunci a kan Nura ba. Amma ki tambayi kanki: da ya san akwai ɗakin nan, zai yarda?

Nura (Ohayo): Wallahi da ban shiga ba, Malam.

Ishaya (Filadelfiya): Sannu Nura, Allah ya ba da haƙuri. Kada a ɗauka duk Kirista yana wannan biki. Ni a Wusasa na girma, ban taɓa jin sunansa ba sai da na zo nan, kuma cocin da nake zuwa ba ma yinsa. Coci-coci da yawa a nan suna shirya wa yara bikin kaka a harabarsu a daren, don kada su ji an bar su a baya.

Abin da ya fi damuna wani ne daban, kuma yana da alaƙa da ɗakin da ka faɗa. A garin nan akwai tsohon kurkuku, Eastern State, an buɗe shi a 1829 aka rufe a 1971. Na shiga da rana. An gina shi ne a kan tunanin cewa idan aka kulle mai laifi shi kaɗai, ba ya ganin kowa ba ya magana da kowa, zai tuba. Kowane ɗaki da 'yar tagarsa a saman rufi, siririya, haske na saukowa kamar zare. Idan za a fito da fursuna sai a rufe masa kai da buhu don kada ya ga fuskar wani. Na tsaya a ɗaya daga ɗakunan, fenti duk ya ɓare, ga ƙarfen gado ya yi tsatsa, tsigar jikina ta tashi ba tare da kowa ya yi mini ihu ba. Har Al Capone, shahararren shugaban 'yan daba na Amurka, ya zauna a can a 1929. To tun 1991 aka fara shirya wasan tsoro na Halowin a cikin ginin, kuɗin tikiti yana taimakawa wajen kula da shi. Na fahimci hujjar, gini irin wannan yana cin kuɗi. Amma akwai wanda ya fi wannan nauyi: Pennhurst, a nan jihar Fensilbaniya. Gidan gwamnati ne da ake ajiye masu naƙasa da masu taɓin ƙwaƙwalwa tun 1908. A 1968 wani gidan talabijin ya nuna yadda yara ke rayuwa a ciki, aka yi ta shari'a, har aka rufe shi a 1987. A 2010 aka mayar da wani sashe gidan tsoro. Masu kare haƙƙin naƙasassu sun yi ta adawa da abin, kuma ni ina tare da su. Wasu daga waɗanda suka zauna a wurin suna raye lokacin da aka fara sayar da tikitin.

Fa'iza (Landan): Wannan kam ban san shi ba. A nan na yarda an wuce gona da iri.

Maman Ihsan (Merilan): To na dawo. Nura, tambayarka ta farko. Abin da mai injin katako ya yi maka razana ce. Akwai wani ɗan sashe a ƙwaƙwalwa da ke kula da haɗari, yana aiki kafin tunani ya iso. Da ya ji ƙara ta bazata sai ya sa jiki ya saki sinadarin adirenalin, zuciya ta buga da sauri, tafin hannu ya yi gumi, numfashi ya hau. Bayan daƙiƙa kaɗan tunani ya iso ya ce ai wasa ne, jiki ya saki, shi ne dariyar da ka yi. Wannan sakin shi mutane ke saya da kuɗinsu. Masu bincike na jami'ar Aarhus a Denmak sun gwada abin a wani gidan tsoro, suka ɗaura wa mutum 110 na'urar auna bugun zuciya, aka buga sakamakon a 2020. Abin da suka gano shi ne daɗin yana tsakiya: idan tsoron ya yi kaɗan mutum ya gundura, idan ya yi yawa daɗin ya gudu.

Ɗakin likkafanin kuwa ba razana ba ce. A can da tunaninka ya iso bai ce maka wasa ne ba, ce maka ya yi na san wannan, na taɓa riƙe shi da hannuna. Babu abin da zai saki. Makokinka aka taɓo, ƙanena, kuma shekara biyu ba komai ba ce a rashin uba. Ina ganin irin wannan a asibiti: mutum ya daure ranar rasuwa, sai wata shida bayan nan ƙanshin wani turare ya kayar da shi. Idan ya kai mako biyu ba ka samun barci, ka je ofishin masu ba da shawara na makarantarku, kada ka ji kunya. Ka kuma kira Hajiya ku yi hirar Baba.

Nura (Ohayo): Na gode Anti. Kamar kin shiga zuciyata. Zan kira ta bayan la'asar ɗinsu.

Sani Fagge: Maganar Anti ta tuna mini da fina-finai, don abu ɗaya ne. Muna yara a gidan kallo, zamanin kaset, an sa mana The Evil Dead na 1981. Ɗaki cike da yara, kowa na ihu, wani ya ɓuya ƙarƙashin benci. Muka fito muna kwaikwayon muryoyin muna dariya har gida. Haka fim ɗin Halloween na John Carpenter, na 1978. Da kuɗi kusan dala 300,000 aka yi shi, fuskar robar da makashin ke sawa a shago aka sayo ta, ta wani jarumin talabijin ce, aka fesa mata farin fenti, kiɗan kuma shi daraktan ya tsara da kansa. Gwaninta ce, ina jinjina masa, musamman yadda yake barin mutumin tsaye can nesa a bayan shinge ba ya komai, kai mai kallo kaɗai ka gan shi. Amma ban taɓa duba bayan ƙofa ba saboda shi. Mutum da wuƙa a wata unguwar Amurka mai faɗin titi, me ya haɗa ni da shi a Fagge?

Ranar da na kalli ɗaya daga fina-finan Dabbe na Turkiyya kuwa, waɗanda Hasan Karacadağ ya fara fitarwa a 2006, kwana na yi da fitila a kunne. Ga kiran salla, ga mata da lulluɓi, ga malamin ruƙiyya, ga tsohuwa mai kama da kakata. Kuma abin da ke ciki aljani ne, wanda na yi imani da samuwarsa tun kafin in san mene ne fim.

Rabi (Damagaram): Wayyo Yaya Sani, kada ka tuna mini. Ƙanwata ta sa mana ɗaya daga cikinsu a waya, mu uku a kan tabarma a tsakar gida. Rabin fim ɗin muka kalla na ce ta kashe. Mako guda ban iya zagayawa bayan gida da dare ni kaɗai ba, kuma a daren farko dannau ya kama ni, ina ji ina gani na kasa motsa ko yatsa. Ni abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda ake sa karatun Alƙur'ani a cikin kiɗan tsoro. Aya da nake karantawa in samu natsuwa, an mayar da ita abin da zai sa gabana ya faɗi.

Malam Habu: Rabi kin faɗi abin da ya fi duk maganata. Wannan ita ce ɓarnar da nake tsoro ga yara. Yaron da ya fara jin Falaƙi da Nasi a bakin mai fim kafin ya san su a bakin uwarsa lokacin kwanciya, an juya masa abin kariya ya zama abin firgita.

Ishaya (Filadelfiya): Haka The Exorcist ya yi wa Kiristoci a 1973. Jaridun lokacin sun ba da labarin mutane suna suma a sinima. Ba don kwalliyar fuskar yarinyar ba ne kawai, don masu kallon sun yarda da shaiɗan, sun san limaman cocin da ke cikin labarin, addu'o'in nasu ne. Na kalle shi sau ɗaya, ban ƙara ba.

Sani Fagge: Amma ni ban yarda a ce a daina kallo gaba ɗaya ba. Mu ma da tsoro aka raine mu. Wace kaka ce ba ta ba da tatsuniyar dodo ba? Ana kashe fitilar ƙwai, a ce ga ta nan ga ta nanku, mu matse jikin juna. Ana ce mana kada a zauna a bakin ƙofa da magariba, kada a zuba ruwan zafi a ƙasa ba bisimilla, kada a bi ta gindin tsamiya da tsakar rana. Yaro yana koyon riƙe zuciyarsa a nan.

Maman Ihsan (Merilan): Gaskiya ne Sani, sai dai kaka tana kallon fuskarka tana ba da labarin. Da ta ga idonka ya cika sai ta sassauta, ta kawo Gizo ya yi wauta a yi dariya, kuma a jikinta za ka yi barci. Waya ba ta san shekarun mai riƙe da ita ba. Gidan tsoro ma haka, ɗan wasan da ke cikin ƙyallen bai san wa ya shigo ba.

Tunda an zo nan, bari in ƙara abu ɗaya ga masu niyyar zuwa, don na san akwai su a nan ko ba su yi magana ba. Haɗarin gaske a wuraren nan wuta ce da cunkoso. Ranar 11 ga Mayu 1984 gobara ta tashi a gidan tsoron wani wurin shaƙatawa na Six Flags a jihar New Jersey, matasa 8 suka mutu. Ginin tireloli ne aka haɗa, ciki duhu, lunguna a murɗe, ga soso da katako, babu famfon kashe wuta a rufi. Bayan nan ne aka tsaurara dokokin irin waɗannan gine-gine. Kuma kun tuna unguwar Itaewon a birnin Seoul na Koriya ta Kudu, 29 ga Oktoba 2022, mutum 159 suka rasu a turmutsutsun bikin Halowin a wani matsattsen lungu. Duk wanda zai shiga, idonsa ya fara neman alamar ƙofar fita. Mai ciwon zuciya, mai asma, mai farfaɗiya da mai juna biyu su haƙura, hayaƙin da fitilar mai walƙiya ba wasa ba ne gare su.

Nura (Ohayo): Akwai ƙofofin Anti, kusan kowane ɗaki, da ma'aikaci a tsaye da tocila. A ɗakin ma na ga ƙofar. Ƙafar ce ta ƙi.

Fa'iza (Landan): Anti, Ihsan fa? Makarantarsu ba sa yi?

Maman Ihsan (Merilan): Suna yi, yara su sa kaya su zagaya filin makaranta. Bara na ɗauke ta muka tafi gidan namun daji a ranar, ta dawo tana kuka wai ita kaɗai ce ba ta cikin hoto. Bana har yanzu ni da babanta ba mu daidaita ba. Shi ya ce a bar ta ta sa kayan likita ta je, ni zuciyata ba ta kwanta ba. Wannan muhawara ce ta wata rana.

Malam Habu: Allah ya yi muku jagora. Renon yaro a can sai da addu'a.

Nura (Ohayo): Na dawo. Na kira Hajiya, mun fi awa ɗaya, mun yi kuka mun yi dariya, ta ba ni labarin Baba da ban taɓa ji ba. Sannan da yamma na zauna da ɗaya daga abokan da muka je tare, na gaya masa abin da ya same ni. Mamaki ya kama shi. Ya ce shi zanen gado kawai ya gani, irin fatalwar da yara ke zanawa. Shi gawa a wurinsa mutum ne cikin kwat a akwati mai sheƙi, an gyara masa fuska, haka ya ga kakansa. Bai taɓa ganin likkafani ba, bai san da shi ake binne mutum ba. Na yi masa bayanin wanka, da ƙyalle uku na namiji, da yadda ake kwantar da mamaci ta gefen dama yana fuskantar alƙibla, da yadda ake kwance ɗaurin a cikin kabari. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce in yafe masa dariyar da ya yi. Na ce ba shi da laifi. Sun shirya zuwa wani gidan ranar Asabar mai zuwa, na ce su tafi ba ni.

Rabi (Damagaram): Allah ya sa ka samu barci yau. Ka karanta Ayatul Kursiyyu, mu ma za mu sa Baba a addu'a.

Sani Fagge: Amin. Nura, in kana da bidiyon taraktar nan da mai injin katako ka turo mini, ina son ganin yadda suke tsara wurin.

Nura (Ohayo): Ba sa bari a ɗauki hoto a ciki Yaya Sani, ana shiga ake cewa kowa ya sa waya a aljihu. Hoton kabewar da aka jera a bakin ƙofa kawai gare ni, an fafe su an sa kyandir a ciki. Bari in turo maka shi.